Fom Ɗin da Ya Je Jos Ya Dawo

Takardu biyu suka iso mini a mako ɗaya, cikin watan Agusta na 1976, kuma daga ranar ƙafata ta daina taɓa ƙasa. Ta farko daga kwalejin horon malamai ce: an ɗauke ni kwas na shekara ɗaya, in kai kaina ranar Litinin ta ƙarshen wata, in ko na wuce ranar a ba wata gurbina. Ta biyu daga Landan ta fito, cikin ambulan mai kauri da ƙanshin sabon littafi. Fom ne na shiga jarrabawar ma'aikatan banki. Na shinshina shi ya fi sau goma kafin in karanta.

Sunana Afiniki, 'yar Andrawus Kambai, gad ɗin jirgin ƙasa a Kafanchan, wato mai tuta da usur wanda jirgi ba ya motsi sai ya ɗaga hannu. Shekarata goma sha tara a lokacin, na gama sakandare da kyakkyawan sakamako a lissafi, ga baki da ba ya jiran izini.

Wanda ya cusa mini wannan jarrabawa a kai shi ne Gilbert, wani akawu a bankin garinmu, da muke ƙungiyar mawaƙan coci tare. Gilbert yana ɗaura nakatai har ranar Asabar. Shi ya ce mini duk wanda ya ci jarrabawar nan, haruffa uku ake liƙa masa a bayan suna, kuma kafin furfura ta fito ya zama manaja. Shi kansa ya zauna kashin farko sau biyu, jarrabawar dai ba ta gane shi ba tukuna, amma wannan bai rage masa tafiyar ƙasaita ba. Ya ba ni adireshin wata makaranta mai koyarwa ta gidan waya. Wata bakwai ina karɓar darussa a ambulan, ina haddace dokokin cek da sirrin ajiya, ina karanta wa kajin Mama su da ƙarfi a bayan kwatas.

Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna a kaina. Kawu Bartholomew, wan Mama, hedimasta ne, kuma in ya zauna a kujera sai ka ji kamar za a kira sunayen 'yan aji. Ya ɗora takardun biyu a kan tebur, ya danne ta kwalejin da tafin hannu.

"Wannan hanya ce shararriya," in ji shi. "Gwamnati ta buɗe makaranta kyauta ga kowane yaro, malamai take nema ido rufe. Za a ciyar da ke, a ba ki alawus, ki fito aiki yana jiranki. Waccan kuwa shekara uku ko huɗu za ki yi kina rubuta wa Turawa amsa, kuma satifiket ɗin ba aiki ba ne. Wa kika sani a banki?"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa.

Baba ya gyara zama. "Malam, shekara ashirin da huɗu ina cikin jirgi. Na san wanda yake shiga fes kilas. Mutumin banki ne, da jakan shi, da jarida. Tica kuma, ka yi haƙuri, a baya nake samun shi, shi da akuya suna raba benci."

"Ilimi ba a benci ake auna shi ba."

"Ni a benci nake gani."

Mama ta ce ita dai wanda zai bar mata ni a Kafanchan take so, ta tashi ta duba tukunyar paten acca. Aka watse ba a yanke komai ba, kowa yana ganin shi ya yi nasara.

Ni kuwa na riga na auna nawa. Na taɓa koyar da yara a makarantar Lahadi na wata biyu, na kusa cire kunnen ɗan dattijon coci, fasto da kansa ya roƙe ni in koma waƙa. Na san alli ba nawa ba ne. Banki nake so, ina son shi har cikin haƙorana: sanyin fankar sama, ƙarar injin buga rubutu, yadda mutane suke rage murya in sun shiga. Amma akwai abin da na ɓoye wa kowa. A ƙasan fom ɗin akwai wani fili mai kusurwa huɗu, an rubuta cewa manajan bankin da mai nema yake aiki shi zai sa hannu ya buga hatimi. Ashe jarrabawar ta waɗanda suka riga suka shiga ce. Ni da nake ganin na yi sammako na riga kowa shiri, ashe ƙofar ma ban samu ba. Gilbert bai taɓa faɗa mini ba, wataƙila bai taɓa karanta nasa har ƙasa ba.

Dabarata ɗaya ce. Ranar Juma'a in ɗauki fom ɗin fes, da darussana, in je gaban manaja in roƙe shi ya ɗauke ni ko da mai jera fayil ce. In ya ƙi, Litinin in hau motar kwaleji in yi shiru har abada.

Da yammar wannan Lahadi Baba ya ɗauki fom ɗin yana juya shi. Turancinsa na aikin jirgi ne, ya san na kan tikiti da na kan kaya, ƙananan rubutu kuwa ya ce suna sa shi ciwon kai. Ya nuna filin da yatsa.

"Nan fa, me ya sa ba komai?"

"Wurin hatimi ne, Baba."

Iyakar abin da na ce ke nan. Da na ƙara kalma biyar da ban ba ku wannan labari ba.

Sai kun san yadda Baba ya ɗauki hatimi kafin ku gane. A wurinsa takardar da ba hatimi tsumma ce. Buhun citta in zai tafi Legas, takardarsa tana shan hatimi a duk inda ta ratsa, kuma yawan hatimin shi ne shaidar cewa kayan na da masu shi, ba wanda zai yi wasa da su. Har katin baftismata ya taɓa cewa bai cika ba.

Laraba da sassafe ya tafi da jirgin Jos. Da hantsi na buɗe Littafi Mai Tsarki, wurin Zabura inda na adana fom ɗin, na tarar da Zabura kaɗai. Na zazzage littafin, na ɗaga katifa, na leƙa har cikin tulu. Mama tana tsintar acca tana wani murmushi da ban yarda da shi ba.

"Baban ka ya tafi da shi," ta ce. "Ya ce zai gyara maka." Hausar iyayena ba ta raba mace da namiji, ni ma kamar namiji suke mini magana.

Kwana ɗaya da yini na yi ina zagaya gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Alhamis da azahar ya dawo. Tun daga bakin kwatas nake jin muryarsa yana gaisa da mutanen da bai saba gaisarwa ba. Ya shigo da hularsa a karkace, bai ko nemi ruwa ba, ya zaro fom ɗin daga aljihun ƙirji ya shimfiɗa a tebur, ya ja da baya don in gani da kyau.

Hatimi tara. Shuɗi, ja, baƙi, wani mai ruwan ƙwai. Filin manaja ya ɗauki uku a kan juna, sauran suka bazu, ɗaya ya hau sunana, ɗaya ya zauna daidai kan goshin hotona.

"Na fara da namu na nan," in ji Baba, yana bin su da yatsa. "Kagoro, minti biyu jirgi yake tsayawa, na yi gudu. Manchok, mutumin yana cin abinci, ya bar tuwo ya buga. Kuru, Bukuru, Jos. Wannan na ofishin kaya ne, guda biyu suka ba ni don sun ce yarinyan Andrawus ba ƙaramin yarinya ba ne. Wannan na fasto ne, na tare shi a hanya yanzu. Kowa ya ce in gaishe ka. Wani ya ce in ka zama manaja ka tuna da shi."

Na matso na karanta na ofishin kayan. Ɗaya ya ce an karɓi kaya lafiya ba ɓaraka. Ɗayan, wanda ke goshina, ya ce a yi hankali, abu ne mai fashewa.

Na fashe kuwa. Na ce ya kashe ni. Na ce fom ɗaya ne tak, wata ɗaya da rabi ya yi a hanya, kuma hatimin manajan banki ake so, ba na masu auna buhu ba. Na ce wa ya aike shi. Wannan ta ƙarshe har yau in na tuna sai na ji kunya, don ban taɓa ganin Mama ta ajiye faifai da sauri haka ba.

Baba bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da yake yi wa fasinjan da ya hau jirgin da ba nasa ba.

"Kai yaro ne, ba ka san ofis ba. Manaja in ya ga tara, zai ji kunya ya ƙi sa na goma? Gobe tare za mu je."

Juma'a da ƙarfe tara muka shiga bankin, shi cikin kakinsa da aka goge har yana ƙyalli, ni cikin farar rigar mawaƙa, na rungume darussana. Ina tafe ina addu'ar ƙasa ta buɗe. Gilbert ya hango mu daga bayan kanta, ya zo da fara'a, ya karɓi fom ɗin don ya kai ciki. Ya duba. Kafaɗunsa suka fara rawa. Kafin ya kai ƙofar manaja sai da ya nuna wa mutum uku, dariya tana bin sa tebur tebur.

Manajan, Mista Leonard Zamani, gajere ne mai tabarau, mutumin wajen Zonkwa da ya daɗe a Kaduna. Ya ba Baba kujera, ni na tsaya. Ya daɗe yana kallon takardar, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ga yana cije leɓe.

"Baba, wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, sa. Saura naka."

"Ko ina so, ina zan sa? Ba ka bar mini wuri ba." Ya ajiye takardar a hankali. "Kuma ba zan iya ba. Wannan fili na yaranmu ne da suke aiki a nan. In na sa hannu na ce tana aiki a nan, na yi ƙarya. Fom ɗin ma ya riga ya lalace, Landan ba za su karɓa ba."

Gilbert, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya kasa riƙewa. Ya ce, "Sa, har da na kaya mai fashewa," ya saki dariya, na waje suka amsa masa.

Na dubi Baba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mutumin da jirgi mai tarago goma sha biyu yake jira ya ɗaga hannu, ya zauna yana kallon takalminsa. Jiya ni na zage shi, amma yau da na ji wasu suna masa dariya sai na ji zan iya shaƙe Gilbert da nakatai ɗinsa.

Manaja ma bai ji daɗin dariyar ba. Ya miƙa wa Gilbert takardar. "Tunda abin ya ba ka dariya, zo. A ce wannan takardar biya ce aka kawo maka kanta, waɗannan su ne masu sa hannu. Wanne za ka karɓa, wanne za ka mayar?"

Gilbert ya duba sama, ya duba ƙasa. "Duka dai hatimi ne, sa."

"Uku zan mayar," na ce. Ba wanda ya tambaye ni.

Manaja ya juyo. "Wanne da wanne?"

Ai na kwana ina harararsu, na san su kamar 'yan ɗakinmu. Na karɓe takardar daga hannun Gilbert ba tare da na ce ya ba ni ba. "Na uku daga sama, ranar da ke jiki goma sha takwas ga wata ce, alhali Baba ashirin da biyar ya wuce wurin. Mai shi bai juya kwanan wata ba tun makon jiya. Wannan na gefe, an buga hatimi amma ba sa hannu, don haka ba wanda ya ɗauki nauyinsa. Wannan kuma an yi kuskuren rana an gyara da biro, ba a sa hannu a kan gyaran ba. Sauran shida lafiyarsu lau. Ba su da amfani a nan, amma ba na dariya ba ne, mutane ne suka bar abincinsu suka buga."

Manaja ya jawo takardar kusa da hanci, ya bi ukun ɗaya bayan ɗaya.

"A ina kika koyi gyara sai da sa hannu?"

Na sauke darussana a tebur, tari guda, duk gefensu ya yi baƙi da yatsa. Ya buɗe nan, ya buɗe can, ya jefo mini tambaya huɗu a kan cek. Na amsa uku. Ta huɗun na ce ban sani ba, ya ce gara haka.

"Bari in faɗa miki gaskiya," ya ce. "Wannan jarrabawa tana da kyau, ni ma ita ta kawo ni kujeran nan. Amma kin fara daga rufi. Ana shiga aiki tukuna, sannan a rubuta. Ta bana ta wuce ki, sai mu aika a kawo sabon fom na baɗi." Ya turo mini darussana. "Ina da tebur ɗaya da ba kowa. Gwaji ne na wata uku, ba alkawari. In ba ki yi ba, zan sallame ki, kuma ba zan ji kunyan Baba ba. Litinin ne farawa."

Litinin. Ita ce dai Litinin ɗin kwaleji. In na zauna a teburin nan gurbina ya tafi, in aka sallame ni a Nuwamba na tashi ba tsuntsu ba tarko, kuma Kawu Bartholomew zai yi shekara goma yana tuna mini. Duk na san wannan, amma zuciyata tana ta tsalle kamar ɗan akuya.

Manaja ya juya wajen Baba, don haka ake yi. "Baba, ka yarda?"

A gidanmu Baba ne yake zaɓar har launin labule. Na jira ya yi jawabi. Sai ya juya hular a gwiwarsa sau ɗaya.

"Sa, jiya na sa hannu a abin da ban karanta ba, ka ga yadda ya fito. Wannan yarinyan nawa shi ya karanta. Ka tambaye shi."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na ji daɗi, na kuma ji kamar in yi kuka, duka a lokaci guda.

"Zan zo Litinin, sa," na ce.

"Bakwai da rabi. Ba takwas saura ba."

Muka fito rana ta buɗe. Ni ina so in yi gudu, in yi guɗa, in tare duk mai keke in gaya masa. Baba kuwa yana tafe a hankali, fom ɗin a naɗe a hannunsa, hular ma bai mayar ba. A haka muka wuce gidan waya. Ina ta neman yadda zan janye maganar jiya, bakin nan nawa da ba ya rasa abin faɗa ya rasa.

Sai da muka kusa kasuwa ya tsaya.

"Afiniki."

"Na'am, Baba."

"Mutanen nan na tasha tasha, kada ka bari su ji cewa bai yi aiki ba. Sun yi murna sosai. Wancan na Manchok da ya bar tuwo har ya wanke hannu kafin ya taɓa takardan ka."

"Ya yi aiki, Baba."

Ya dube ni ta gefen ido, yana neman alamar tsokana.

"Da fom ɗin fes na kawo, da manaja ya ce ba zai sa hannu ba, in juya in tafi. Me zai tambaya a kai? Hatimin nan naka tara ne suka tsayar da shi."

Ya lissafa maganar. Na ga ta shiga. Ya buɗe fom ɗin ya sake dubawa, ya shafa wanda ke goshin hotona da babban yatsa. Sannan ya mayar da hularsa, ya daidaita ta, ƙirjin ya dawo inda yake zama.

"To ai na faɗa maka," ya ce. "Kai ne ba ka san ofis ba."

Ban musa ba. Muka shiga kasuwa ta layin masu citta, inda Mama take da rumfa, tun daga nesa ya ɗaga takardar sama yadda yake ɗaga tuta, yana kiran sunanta.